id Software: Kamfanin da Ya Tayar da Tseren da Ya Fi Ƙarfinsa

Duk wanda ya taɓa buga wasan harbi a kwamfuta ko a waya, irin wanda ba a ganin jikin jarumin sai hannunsa da bakin bindigarsa, yana cin moriyar aikin wasu samari huɗu da suka kafa kamfani a Amurka ranar 1 ga Fabrairu 1991. Babbansu, Tom Hall, yana da shekara 26 a lokacin. Ƙaraminsu, John Carmack, shekararsa 20. Sauran biyun su ne John Romero da Adrian Carmack, wanda suna kawai ya haɗa shi da John, ba su da dangantaka. Kamfanin shi ne id Software, mai wasannin Wolfenstein 3D da Doom da Quake.

An saba ba da labarinsu a matsayin labarin hazaƙa, kuma hazaƙar tana nan. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda hanyar da suka bi suka yi arziki ta saɓa wa duk abin da 'yan kasuwa suka sani, da kuma yadda fasahar da suka ƙirƙira ta tsauwala kuɗin yin wasa har kamfani irin nasu ya kasa tsayawa da ƙafarsa.

Sun haɗu ne a Softdisk, wani kamfani a garin Shreveport na jihar Luwiziyana, wanda ke aika wa masu biyan kuɗin wata-wata faifai ɗauke da ƙananan manhajoji da wasanni. Aiki ne na gaggawa: kafin ka gama wannan wasa, lokacin miƙa na gaba ya yi. Ba wanda zai kira wurin makarantar koyon sana'a, amma abin da ya zame musu ke nan. Sun koyi gama aiki, abin da ya gagari masu basira da yawa.

A wancan zamani kwamfutar IBM da ire-irenta kayan ofis ce. In kana son wasa mai motsi lafiya lau, sai ka sayi na'urar Nintendo, domin ita tana da sashe na musamman da ke tafiyar da hoto gefe yayin da jarumi ke gudu. Kwamfutar ofis ba ta da wannan. In aka ce ta sake zana dukan allo sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, sai hoton ya riƙa tsalle yana yankewa. A watan Satumba 1990 John Carmack ya gano mafita. Ya lura cewa yawancin abin da ke kan allo, kamar shuɗin sama, bai canzawa daga wannan hoto zuwa na gaba. To me zai sa a sake zana shi? Sai ya sa katin hoton kwamfutar ya riƙa zamewa a kan hoton da ya ɗan fi allo faɗi, ita kuma manhajar ta sake zana wuraren da suka canza kaɗai. A dare ɗaya shi da Tom Hall suka kwaikwayi zangon farko na Super Mario Bros. 3 da wannan dabara. Daga baya ƙungiyar ta kammala samfuri ta aika wa Nintendo. Nintendo ta yaba, amma ta ce ba ta da sha'awar ganin Mario a kwamfuta, tunda wasannin nata su ne ke sayar da na'urarta.

Wanda ya ga kuɗi a cikin abin shi ne Scott Miller na kamfanin Apogee a jihar Teksas. Yana son ya yi magana da Romero, amma yana tsoron Softdisk na buɗe wasiƙun ma'aikata, don haka ya riƙa aiko wasiƙu da sunaye daban-daban kamar na masoya wasa, duk da adireshi ɗaya, har Romero ya farga. Tsarin Miller shi ne a raba wasa kashi uku. Kashi na farko kyauta ne, kowa ya kwafa ya ba abokinsa, a zuba shi a allunan saƙo da mutane ke shiga ta layin tarho. Wanda ya gama ya ji yana son ci gaba, sai ya kira lambar da ke kan allo ya biya, a aiko masa da sauran ta gidan waya. Kamar mai tsire ne da ke miƙa maka yanka ɗaya ka ɗanɗana, sai dai shi wannan yankan bai rage komai a faranti ba, kuma kowane wanda ya ɗanɗana yana iya miƙa wa mutum goma.

Miller ya ba su kafin alƙalami na dala 2,000. Da kwamfutocin Softdisk, waɗanda suke ɗauka a mota ran Juma'a da dare su mayar kafin Litinin, suka yi Commander Keen, ya fito a Disamba 1990. Kafin wannan, cinikin Apogee a wata bai wuce kusan dala 7,000 ba. Kafin Kirsimeti wasan ya kawo kusan 30,000. Da cekin farko ya iso, suka ajiye aiki. Maganar kwamfutocin da suka ara ba izini ta ƙare da sulhu: suka amince su ci gaba da yi wa Softdisk wasanni na wani lokaci.

Ya kamata a tsaya a kan lissafin nan, domin shi ne ginshiƙin komai. A hanyar da aka saba, mai wasa yana miƙa aikinsa ga kamfanin bugawa, shi ya yi kwali, ya yi talla, ya ba dillali, dillali ya ba kanti. Kowa ya yanki rabonsa, abin da ke isa hannun wanda ya rubuta wasan ɗan kaɗan ne. A tsarin rabawa kyauta, babu kanti, babu kuɗin talla, masu kwafa su ne 'yan talla. Ko da mutum ɗaya cikin ɗari ne ya biya, in waɗanda suka kwafa sun kai miliyoyi, kuma masu raba ribar ba su kai goma ba, an yi arziki. Kwafar manhaja, abin da sauran kamfanoni ke yaƙa da shi suna kiransa sata, shi id ya mayar da shi hanyar rarraba kaya. Sharaɗin kawai shi ne wasan ya yi kyaun da mutum ba zai iya haƙuri da kashi ɗaya ba, kuma kamfanin ya zauna ƙarami.

Bayan ɗan zama a Madison ta jihar Wisconsin, inda sanyi ya kore su, suka tare a Mesquite kusa da Dallas a 1992. A watan Mayu na shekarar Wolfenstein 3D ya fito. Sunan da jigon sun samo asali daga wani tsohon wasa na 1981, na fursuna da ke tserewa daga gidan yarin 'yan Nazi, amma yanzu ɗan wasa yana kallon duniya ta idon jarumin. Dabarar John Carmack a nan ma ta rage aiki ce: duk bango tsayinsu ɗaya, duk kusurwa a miƙe take, ƙasa da rufi launi ɗaya ne ba zane. Da ya ƙuntata duniyar haka, sai kwamfuta mai rauni ta iya zana ta da gudu. An sayar da sama da kwafi 200,000 kafin ƙarshen 1993. A Jamus kuwa an hana sayar da shi saboda tambarin Nazi da ke ko'ina a bangon.

Doom shi ne ya sauya lissafin masana'antar. Carmack ya ɗauko wata dabara daga rubuce-rubucen masana kimiyyar kwamfuta, wadda ke tsaga taswirar wuri gida biyu, kowane gida a sake tsaga shi, tun kafin a fara wasa. Da haka, a kowane lokaci manhajar ta riga ta san wane bango ne ke gaban wane, ba sai ta ɓata lokaci tana zana abin da ido ba zai gani ba. Wannan ya ba da damar bango a karkace, matakala, ɗakuna masu tsayi daban-daban, fitila mai ƙyaftawa, da lungu mai duhu. Har yanzu akwai dabara a ciki, domin ba a iya ɗora ɗaki a kan ɗaki, amma wanda ke gudu aljanu na biye da shi ba ya tsayawa duba wannan. Wannan karon ba su bi ta Apogee ba, su da kansu suka karɓi oda. Ranar 10 ga Disamba 1993 suka ɗora kashi na farko a kwamfutar Jami'ar Wisconsin, masu jiran saukewa suka yi mata yawa har ta durƙushe. Ana ƙiyasin mutum miliyan 10 zuwa 20 sun buga shi cikin shekara biyu.

Abu biyu suka ba Doom tsawon rai fiye da kyan hotonsa. Na farko, mutum huɗu na iya haɗa kwamfutocinsu su fafata da juna. A ofisoshi da jami'o'i wannan ya zama annoba, har wurare irin su Intel da Jami'ar Carnegie Mellon suka kafa dokar hana buga shi a lokacin aiki saboda yana cunkushe hanyar sadarwarsu. Na biyu, Carmack ya ware injin wasan, wato manhajar da ke zana duniyar wasan tana tafiyar da ita, daban, ya zuba taswirori da hotuna da sauti a wani fayil daban da kowa zai iya sauyawa. Ba kowa a kamfanin ya so haka ba, don akwai fargabar mutane za su riƙa yin nasu zangunan su daina sayen na id. Abin da ya faru shi ne dubban matasa sun koyi tsara wasa a kan Doom, wasunsu kuma id ɗin ne da kansa ya ɗauke su aiki daga baya, kamar Tim Willits wanda ya kai ga shugabancin sashen shirya wasanni na kamfanin.

Maganar zubar da jini ta bi su tun daga farko. Kwana ɗaya kafin fitowar Doom, Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama kan tashin hankali a wasannin bidiyo, zaman da ya kai ga kafa hukumar tantance wasanni bisa shekaru a 1994. Bayan kisan da aka yi a makarantar Columbine ta Amurka a 1999, da aka gano maharan masu son Doom ne, iyalan wasu da abin ya shafa sun kai ƙarar kamfanonin wasa da dama har da id, kotu ta kori ƙarar a 2002. Ni dai ina ganin id bai taɓa ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci ba, kuma hayaniyar ta ƙara masa kasuwa ne.

A cikin gida kuwa tsagewa ta riga ta fara. Tom Hall ya rubuta wa Doom dogon kundi mai labari da jarumai masu tarihi. Carmack yana ganin labari a wasa ba shi da wani nauyi, abin da ake nema shi ne gudu da yadda bindiga ke amsawa a hannu. Aka sallami Hall a 1993 kafin wasan ya fito. Wanda ya rage a ɓangaren tsara wasa mai ƙarfin murya shi ne Romero, kuma haɗuwarsa da Carmack ita ce sirrin kamfanin: ɗaya ya gina inji, ɗaya ya gano abin da zai sa injin ya yi daɗi. Romero shi ne na farko da ke buga duk sabon abin da Carmack ya ƙera, shi ke gina kayan aikin zana taswira, shi ne kuma bakin kamfanin a wajen jama'a.

Quake ne ya raba su. Carmack ya ƙudurta yin duniya mai cikakken zurfi, inda dodanni ma ginannu ne ba hotuna a shafe ba, kuma a iya fafatawa ta intanet. Ya jawo Michael Abrash daga Microsoft don su yi aikin tare. Injin ya ci fiye da shekara, masu tsara zanguna suna zaune suna gina abin da gobe za a rushe saboda injin ya sake canzawa. Romero yana son wasa na daban, mai jarumi riƙe da guduma da faɗan kusa da kusa. Da gajiya ta yi yawa, aka yanke shawarar a koma salon Doom a gama a huta. Quake ya fito a Yuni 1996, ba a jima ba aka nuna wa Romero ƙofa, bisa zargin ya fi ba da lokaci ga buga wasa da hira da 'yan jarida fiye da aiki. Ya je ya kafa Ion Storm tare da Hall, da taken cewa tsara wasa shi ne doka. Wasansa Daikatana ya sha ɗagewa har zuwa 2000, ya fito ya faɗi warwas. Masu son Carmack kan kafa hujja da wannan. Amma in za a yi adalci, wasannin id na bayan tafiyar Romero ma sun rasa wani abu: kowane ɗaya abin mamaki ne a fasaha, amma kaɗan ne ke da sabon tunani a wasa.

Tasirin Quake a waje ya fi tasirinsa a aljihun id. Gyaran da aka yi masa a ƙarshen 1996 don masu layin tarho mai jinkiri, inda kwamfutarka ke hasashen motsinka kafin amsa ta dawo daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke haɗa masu wasan, shi ne tushen yadda wasannin intanet ke aiki har yau. Sigar da aka fitar a 1997 mai amfani da katin hoto na musamman ta sa mutane suka fara sayen irin waɗannan katuna don wasa kawai, kasuwar da kamfanoni irin su 3dfx da Nvidia suka yi tsere a kanta. A shekarar ce kuma Dennis Fong ya ci gasar Quake aka ba shi motar Ferrari ta Carmack, abin da ake lissafawa cikin farkon gasannin wasan bidiyo na ƙwararru. Taron QuakeCon da masoya suka fara a 1996 a wani otal a Garland ya zama na shekara-shekara.

Sannan ga hayar inji. Raven Software ta yi Heretic da Hexen a kan injin Doom. Valve, wadda tsofaffin ma'aikatan Microsoft biyu suka kafa, ta karɓi injin Quake ta gyara shi ta yi Half-Life a 1998, daga cikinsa kuma Counter-Strike ya tsiro. Call of Duty na farko a 2003 an gina shi ne a kan injin Quake III. Bayan haka Carmack ya saba, in inji ya kwana biyu, sai ya saki ainihin rubutun manhajarsa kyauta ga duniya: na Doom a 1997, na Quake a 1999, na Quake III a 2005. Shi ya sa yau ake ganin mutane na kunna Doom a kan na'urar lissafi da injin buga takarda da duk abin da ke da allo.

To a nan ne gizo ke saƙar. Duk ƙarnin inji da Carmack ya fitar yana ɗaga abin da 'yan wasa ke tsammani, kuma kowane ƙarin kyan hoto yana nufin ƙarin masu zane, masu motsa hoto, masu sauti, da ƙarin shekaru. Mutanen da ba su kai goma ba suka yi Doom cikin kusan shekara ɗaya. Doom 3, wanda aka sanar a 2000, sai 2004 ya fito. Ya sayu sosai, fiye da kwafi miliyan 3.5, amma a shekarar ce Half-Life 2 ya nuna cewa almajiri ya wuce malami wajen haɗa fasaha da labari. Tsarin rabawa kyauta ya riga ya mutu, don ba wanda zai kashe miliyoyin daloli ya ba da kashi ɗaya cikin uku a banza. Tun daga Doom II a 1994 id ya koma kanti ta hannun kamfanin bugawa GT Interactive, daga baya Activision.

Kasuwar hayar inji ma ta suɓuce. Salon id shi ne a miƙa maka rubutun manhaja a ce Allah ya ba da sa'a. Epic Games, mai injin Unreal, ta gina kayan aiki masu sauƙi, da littattafan bayani, da ma'aikatan da ke amsa tambayar abokin ciniki. Carmack bai ɓoye ba cewa ba ya son kamfaninsa ya zama ofishin kula da kwastomomi. Zaɓi ne da mutum zai iya girmamawa, amma ya bar wa Epic fili. A lokaci guda kuɗin masana'antar ya koma na'urorin Xbox da PlayStation, inda Halo da Call of Duty suka mamaye, alhali id ɗan gidan kwamfuta ne tun asali.

Kamfani mai wasa ɗaya tal a hannu, wanda ke cin shekara biyar ko fiye, in wasan ya faɗi shi ma ya tafi. Wannan ne ya sa a Yuni 2009 aka sayar da id ga ZeniMax Media, uwar kamfanin wasanni na Bethesda, kan kuɗin da takardun kotu daga baya suka nuna dala miliyan 150 ne. Adrian Carmack ya riga ya fita tun 2005 cikin rigimar hannun jari da ta kai kotu. Rage, wasan da suka daɗe suna yi, ya fito a 2011, shekara bakwai bayan Doom 3, da sabuwar dabarar shimfiɗa hoto ɗaya ƙato a kan duk duniyar wasan. A kwamfutoci da yawa hoton ya riƙa makara wajen bayyana saboda matsalar katunan hoto, kuma cinikin bai kai yadda aka sa rai ba. Doom na huɗu da ake yi a gefe kuwa ya rikiɗe ya zama kwaikwayon Call of Duty, wato id na kwaikwayon jikan injinsa. Aka watsar da shi aka koma farko.

Carmack, wanda hankalinsa ya riga ya rabu tsakanin wasa da kamfanin roka da ya kafa a 2000, ya kamu da son tabarau mai nutsar da mutum cikin duniyar kwamfuta. Ya koma Oculus, kamfanin da ke ƙera irin wannan tabarau, a 2013, ya bar id gaba ɗaya a Nuwamba. Da Facebook ya sayi Oculus kan kusan dala biliyan 2 a 2014, ZeniMax ta kai ƙara tana cewa da fasaharta aka gina tabaran. Masu taya alƙali hukunci suka ba ta dala miliyan 500 a 2017, alƙali ya rage zuwa rabi, aka sasanta a 2018.

Abin da ba a zata ba shi ne id ya farfaɗo bayan duk mutum huɗun sun tafi. Doom na 2016, ƙarƙashin Marty Stratton da Hugo Martin, ya yi watsi da salon ɓuya a bayan bango ana jiran rauni ya warke. In ƙarfinka ya ragu, hanyar samun lafiya ita ce ka afka wa dodo ka gama da shi da hannu, don haka tsoro ma gaba yake tura ka. A farkon wasan, wata murya ta fara yi wa jarumin dogon bayani ta allo, shi kuwa ya ture allon gefe. Sababbin ma'aikatan sun fahimci abin da ya sa wasan 1993 ya yi daɗi fiye da yadda kamfanin ya fahimta a shekarun da ya yi yana bin kyan haske da inuwa. Doom Eternal ya biyo baya a Maris 2020, sai Doom: The Dark Ages a Mayu 2025.

Sai dai wannan id ɗin sashe ne a cikin sashe. Microsoft ta sayi ZeniMax kan dala biliyan 7.5, cinikin ya kammala a Maris 2021. Ofishin yana Richardson a Teksas da reshe a Frankfurt, kuma shawarar inda wasa zai fito da yadda za a sayar da shi daga sama take saukowa. Tun zamanin ZeniMax aka daina ba kamfanonin waje hayar injin, sai 'yan gida irin su MachineGames da suka yi sababbin Wolfenstein. Rubutun manhajar inji na ƙarshe da aka saki shi ne na Doom 3, a 2011, da na sabuwar sigarsa a 2012. Injunan da aka yi wasannin Doom na 2016 da 2020 da 2025 da su duk a kulle suke.